Kada Aska Ta Taɓa Bayan Baba

Yaya Gana,

Gaisuwa mai yawa daga Lyon. Ina Inna da Raliya? Ya jikin Baba? Allah ya ba shi lafiya. Ni lau nake, sanyi ne kawai ya farfasa mini hannuwa, tattasan Gueskérou kuma ya ƙare.

Na ga takardar lokotoro, likitan asibiti. Wata ƙwayar cuta ce ta kumbura wa Baba zuciya, plaket ɗinsa kuma sun ragu, su ne ƙananan ƙwayoyin da ke tsayar da jini. Amma Raliya ta ce wanzami za ka kira ya kafa masa ƙaho, wai a cire mugun jini. Sannu, babban lokotoro! Kai da ko sunan maganinsa ba ka iya karantawa.

Kana yawo a kasuwar Diffa kana cewa wasa da ɓeraye nake a Turai. To, a ɗakin bincikenmu, ɓerayen da muka rage wa plaket su wannan cutar ta fara kashewa, ta ci musu zuciya da jijiya.

Ka mayar da shi asibiti. In aska ta taɓa bayansa, jinin zai yi wuya ya tsaya, kuma kai za ka riƙe tsumman share jinin.

Ƙanwarka,
Yakaka