Kunkurun Hadiza da Ƙullutun Wuyana

Tasawa, daren Laraba

Yau ma ban karantar da yara yadda ya kamata ba, hannuna sai komawa yake kan ƙullutun nan na wuyana. Sati uku ke nan takardar likita tana jakata, na kasa zuwa Maradi awo.

Bayan la'asar 'yata Hadiza ta kira daga bakin teku, inda take binciken ƙarin da ke fito wa kunkurun ruwa. Murna fal muryarta. Wani kunkuru da suka maƙala wa lamba bara, ƙari ya rufe masa ido ɗaya har ba ya iya kiwo, yau sun sake kama shi. Ta turo hoto, idon a buɗe, sai ɗan tabo.

Na ce, "Wane magani kuka ba shi?"

Ta ce, "Ba komai, Inna. Wasu kan warke da kansu, wasu sai an yi musu aiki, wasu kuma su mutu. Sai an duba ake sani."

Na so in riƙe farkon maganar in bar sauran. Sai kawai na ji ina gaya mata zancen ƙullutun, abin da ko babanta ban gaya wa ba. Ina jin ƙarar ruwa a bayanta. Ba ta yi mini faɗa ba. Ta ce za ta sa yayanta Sani ya zo daga Mayahi ya kai ni ran Litinin.

Da babanta Malam ya dawo daga masallaci na faɗa masa. Ya daɗe yana kallona, sannan ya ce Sani ya yi zamansa, shi zai kai ni, kuma gobe.