Ƙofar da Ka Riƙe wa Matattun Zongo

Zuwa ga maigidana, Baban Rabi,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, a inda duk Allah ya ajiye ka. Da na san inda kake, da ba a takarda zan gaishe ka ba.

Jiya masu sayen tsofaffin ƙarafa suka zo ɗaukar motarka. Tun bayanka ba ta ƙara motsi ba, kaji ne ke ƙwai a cikinta. Na tsaya ina kallo suna ɗaura mata igiya, sai komai ya dawo min sabo.

Ka tuna ranar da ka shigo da ita? Wasu turawa ne suka ƙetaro Sahara da ita, suka sayar maka a bakin tashar jirgin ruwa, suka hau jirgi suka koma gida. Mota ce mai ɗaki a ciki, da gado da ɗan murhu da labule mai furanni. Matan unguwa suka cika ƙofar gida suna leƙe. Ni kuwa na ce maka mai iyali ba ya sayen gidan yawo. Ka yi dariya ka ce in jira in gani.

Lokacin ba a daɗe da tashinmu daga tsohon Zongo na cikin Lomé ba, an watso mu nan bayan Agoè, nesa da komai. In mutum ya cika a asibitin Tokoin, kawo shi gida ya zama aiki, don masu tasi ba sa ɗaukar gawa. Sai ka cire gadon turawan da murhunsu, ka ce makara za ta shiga. Ba ta shiga ba. Tayar safaya tana kwance a ciki ta baya, ta tare hanya.

Nan ka kira Kossi mai walda. Ina daga zaure ina jin ku. Ya huda ƙofar baya, ya liƙa mata farantin ƙarfe ciki da waje, kuka ɗaga tayar kuka ɗaure ta da noti. Ta zauna daram, har ka ja da baya kana yaba aikin. Amma ƙofar nan sama take buɗewa, kuma ƙarfen da ke tokare ta ba don ɗaukar taya aka yi shi ba. Kuna ɗaga ta kuka saki, ta rufto da ƙara, har Rabi ta farka a bayana. Kossi ya ce a yanka sanda a riƙa tokare ta. Ni ma na faɗa, na sake faɗa. Kai da taurin kanka ka ce sanda tana zamewa, kafaɗa ba ta zamewa.

Haka ka yi ta yi. Duk gawar da ka kawo, kai za ka ɗaga ƙofar, ka sa kafaɗa, ka tsaya a ƙarƙashinta har a zaro makara. Rigunanka duka sun yi baƙi a kafaɗar dama, na gaji da cuɗa su. In na yi mita sai ka ce, “Wanda ba zai ƙara buɗe wa kansa ƙofa ba, ai a riƙe masa.”

Zamanin kuwa ka san shi. Jam'iyya ɗaya, hoto ɗaya a kowane shago, 'yan makaranta suna rawa a bakin titi cikin rana. Shekarar nan an ce ana shigo da makamai daga iyaka, shinge ya yi yawa, kowa ya iya bakinsa.

Ranar da ka je ɗauko gawar Goggo Ladi, ungozomar da ta karɓi haihuwar Rabi, ban bi ka ba. Liman ne a gaban mota, daga bakinsa na ji. Ya ce masu kaki sun tare ku a hanya, suka ce a buɗe baya. Ka buɗe, ka sa kafaɗa yadda ka saba. Ɗayansu ya cusa kai ciki, ya ga mutum a miƙe lulluɓe da zane, ya sa bakin bindiga zai yaye. Liman ya ce bai ji ka ɗaga murya ba. Kawai ka ce, “Mace ce,” ka miƙa hannu ka taka gaba.

Ka manta abin da ke kafaɗarka. Ƙofar ta sauko da nauyin tayar a gadon bayan sojan.

Bai mutu ba, ya tashi da ƙafarsa. Kai ne suka jefa a motarsu. Wani ɗan unguwa ya tuƙo Goggo Ladi gida, aka yi mata sutura da la'asar, a rufe yadda kake so.

Na neme ka, Baban Rabi. Babu ƙofar da ban tsaya ba, da goyo, da faransancin da ban iya ba. Nan a ce ba a san sunan ba, can a ce in koma gida in ina son kaina da arziki. Daga baya ma mutanen Zongo suka daina tambayata, in na tunkaro sai a sauya hira. Ban ga laifinsu ba, kowa yana da 'ya'ya. Amma kai na ji haushinka, ba zan ɓoye maka ba. Na yi shekaru ina faɗa da kai a zuciyata saboda sanda guda.

Liman ya sha gaya min cewa shari'a ta ba ni dama in yi takaba. Na ƙi. Na ce ban ga gawa ba. Shi ma ya rasu, ɗansa ne ke jan salla yanzu. Rabi ta yi aure, ta haifi namiji ta sa masa sunanka, ni kuma ban iya kiransa, Maigida nake ce masa.

Jiya kafin motar ta fita na ce a kwance min ƙofar a bar ta. Tana nan jingine a zaure da tayarta, duk ta tsattsage. Na gaya wa Rabi ta sanar da dangi, ran Juma'a za a yi maka sadaka, ni kuma in shiga takaba da furfurata. In kana raye ka yafe min. Na gaji ne.

Allah ya jiƙan ka in ka riga mu, ya haskaka makwancinka ko da ba mu san inda yake ba. Abu ɗaya nake roƙo kullum bayan salla: Allah ya sa a ranar da ka cika an samu wani a wurin da ya ce musu mutum ne, ya ja zane ya rufe ka.

Taka har gobe,
Uwar Rabi,
Zongo, Lomé.