Ma'aikaci Na Huɗu

Zuwa ga aminina Gajere,

Ina gaishe ka da kyau, da fatan ka wayi gari da sauƙi. Yaya ƙirjin? Yaya maiɗakinka da ɗawainiya, da autarka mai karanta maka wasiƙa? 'Yata, ki yi haƙuri da rubutun. Hannun sai da ya yi furfura ya koyi riƙe alƙalami.

Gajere, jikata ta gama. Jiya manyan malaman jami'a suka zaunar da ita a gaban wani dogon tebur, suka yi ta jifan ta da tambayoyi a kan kundinta, wato tarihin dokar da ta ce hukuma ta ɗauki nauyin ma'aikacin da aiki ya nakasa. Ni ina kujerar baya, ban fahimci ko rabi ba, amma na ga wani mai sanƙo yana ta gyaɗa kai. Da suka ce ta zama dakta sai na miƙe ina tafi ni kaɗai, har uwarta ta ja mini riga. A waje na tambaye ta me za mu yi da daktar da ba ta iya allura ba. Ta ce ai ni ma ɗalibi ne da bai taɓa cin jarrabawa ba, mu tafi a haka.

Ka tuna ranar da ta zo da rikoda ta zauna a bakin gadonka, ka ba ta labarin ɗakin ƙura na masaƙa, yadda muke fitowa fari fat har gashin ido? Duk ya shiga ciki. Ofishin tsofaffin ma'aikata sun ce ba za su ba ka katin magani da tukunyar iskar numfashi ba sai da shaidar ka yi aiki a masaƙa, ita kuwa ta rufe, takardunta sun salwanta. To ga shaida ta zo, littafi guda da sa hannun malamai. Wane akawu ne zai musa? Da zarar an buga zan kai musu da ƙafata. Ka lallaɓa ƙirjin nan, saura ƙiris.

Naka har kullum,
Ɗalibi, kamar yadda ka laƙaba mini.

Zuwa ga Gajere,

Bayan gaisuwa da tambayar jiki. An ce mini tarin ya hana ka kwanciya sai a jingine. Allah ya kawo sauƙi.

Littafin ya iso. Nauyinsa ya kai bulo, bayansa shuɗi, sunan jikata da ruwan zinariya. Na sa shi a kan matashi, na hana kowa taɓawa da hannun miya. Ba da harshenmu aka rubuta ba, amma suna ai suna ne, ajin yamma na yaƙi da jahilci ya koya mini wannan. Na sa tabarau na bi shi da yatsa, layi bayan layi, ina neman naka. Na kai ƙarshe na sake dawowa farko. Babu naka, babu nawa, babu na ko ɗaya daga cikinmu.

Da jikar tawa ta zo na ce mata masu bugawa sun yi ɓarna. Sai ta buɗe wani shafi ta nuna mini, ta ce kai ne wanda aka kira Ma'aikaci Na Huɗu. Wai ƙa'idar aikinsu ke nan, duk wanda ya ba su labari sai sun ɓoye shi, kada wani ya cutar da shi. Ta ce ai ta gaya mana tun kafin ta kunna rikoda cewa ba za ta ambaci sunanmu ba. Gaskiya ta faɗa, na tuna. Har ka yaba mata, ka ce yarinya mai tarbiyya, ba ta kama sunan sa'o'in kakanta. Mu mun ɗauka kunya ce ta yaran kirki, ashe doka take karanta mana.

Da na gaya mata abin da muka jingina a kan littafin, sai ta zauna a ƙasa ta rufe fuska. Ta ce, "Kaka, me ya sa ba ka tambaye ni ba?" Ban ga abin tambaya ba a lokacin.

Duk da haka zan je ofishin. Kada ka karaya tukuna.

Amininka,
Ɗalibi.

Zuwa ga ɗan'uwana Gajere,

Ina yi maka sannu, ina yi wa maiɗakinka sannu. 'Yata, wannan ki karanta masa a hankali, idan ya gaji ki dakata.

Mun je ni da dakta. Muka zauna a benci a ƙarƙashin fankar da ba ta juyawa har ƙafata ta yi tsami, sannan aka shigar da mu wurin shugaban ofis. Mutumin kirki ne, har ya miƙe ya ba ni kujera. Ya karanta shafinka, ya ce tsigar jikinsa ta tashi. Dakta ta ce za ta nemi izinin jami'a ta bayyana sunanka, ta rantse a gaban kowa cewa kai ne. Ya ce kada ta wahalar da kanta. Ko da sunanka a ciki, abin da ka faɗa da bakinka ne wani ya rubuta, mutum kuwa ba ya zama shaidar kansa. Na ce to ni fa, da muka shaƙi ƙurar tare? Ya tambaye ni tawa takardar.

A hanyar gida ta gaya mini cewa babin ƙarshe na littafin a kan wannan yake: yadda aka bar dokar a rubuce, aka yi ta ƙara mata sharuɗɗa har ta zama ba mai iya kai hannu. Wai malamai sun fi yabon wannan babin. An ma gayyace ta wata ƙasa ta je ta yi bayani a kai. Ba zan ɓoye maka ba, da na ji sai da zuciyata ta yi fari, daga baya na tuna da kai na ji kunya. Haka nake yini yanzu.

Na ji ka hana maiɗakinka sayar da keken ɗinkinta, ka ce a jira littafi. Gajere, ka bari ta sayar, a ɗauko hayar tukunyar ko ta ɗan lokaci ce. Babu kati, kuma ba na jin zai zo muna raye. Ni na sa ka jira, yau ni nake ce maka ka daina.

Saura abu ɗaya. Dakta tana so ta biyo ni mu zo gaishe ka, amma tana tsoron haɗa ido da kai. Ta sa takalmi ta cire ya fi a ƙirga. Idan ba ka son ganin ta, ka sa autarka ta rubuto kalma ɗaya, ba zan ji haushi ba, zan zo ni kaɗai. Idan kuma ba a rubuto komai ba, ban san yadda zan fassara mata shirun ba.

Allah ya ba ka numfashi mai sauƙi.

Ni ne,
Ɗalibi.