Fedar "Ina Nan"

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da maigidan da yara. Ya ƙafar taki? Ina fatan kin daina hawa benen nan da kaya niƙi-niƙi, ko da yake na san ɓata bakina kawai nake yi.

Kin yi ta kira ban ɗauka ba. Ba fushi ba ne. Wayar nake zuba wa ido tana haske har ta gaji ta yi shiru. Shi ya sa na ce bari in rubuto.

Abin da kika ji haka yake. Masu bincike sun gama, sun ce ba ni da laifi. Mutumin da jirgina ya buge yana tafe ne a tsakiyar layin dogo, ya ba ni baya, da abin jin waƙa a kunnensa. Na danna hon, na ja birki har ƙarshe. Amma jirgi ba mota ba ne, Yaya. In ka ja birki, sai ka zauna ka jira. Na zauna na jira. Ko waiwayowa bai yi ba, Allah Ya ji ƙansa.

Kowa jira yake in yi kuka ko in ƙi abinci. Ni kuwa tas nake cinye kwanona, barci kuma kamar biyana ake yi. Abin dai shi ne ba na jin komai. Rannan ruwan zafi ya zubo mini a hannu, sai da Maman yara ta yi salati sannan na lura.

Hutun da aka ba ni zai ƙare ƙarshen wata. Shugaban direbobi ya ce in zaɓa, ko in koma tuƙi ko a mai da ni ofis, kuma wanda aka mai da ofis ba ya dawowa. Kin san aikin nan shi kaɗai na iya, tun ina sace miki gwangwanayen madara ina ɗaure su da zare ina ja. Na je tasha na gwada. Na kama ƙarfen tsanin kan jirgi, ƙafata ta ƙi ɗaguwa. Ba tsoro na ji ba, ƙi kawai ta yi.

Yanzu Maman yara ta ƙullo dabara. Ranar Asabar za mu gidan tarihin jiragen ƙasa, wai don yara su buɗe ido. Ta ɗauka ban gane ba. Na ce to. Kwanan nan duk abin da aka ce mini, to nake cewa.

Ki gai da kowa da kowa.

Ƙaninki,
Direba

Yayata,

Sallama da gaisuwa. Ina fatan jikin da sauƙi. Saƙon maganin da kika aiko ya iso, na gode, amma ban san wace cuta zan ce masa ya kama ba.

Mun je. Wani tsohon ɗakin gyaran jirage ne mai dogon rufi. An jera kawunan jirage masu cin gawayi, an shafe su da baƙin fenti suna ta ƙyalli, wurin ba ya warin mai ko kaɗan. Akwai huluna da fitilu da abin huda tikiti a cikin gilashi. Babban namu, wanda kike ce wa Injiniya, ya ɗauki komai hoto bai kalli komai ba. Maman yara tana bina a baya da jakar abinci tana satar kallon fuskata, ni kuma ina karanta rubutun da ke jikin bango kamar wanda za a yi wa jarrabawa.

A can ƙarshe akwai kan jirgi irin wanda na fara aiki da shi. An yi masa matakalar katako mai faɗi don masu kallo. Auta ta ja ni, na hau kamar kowa, tun da wannan ba inda za shi. Ta ɗare kujerar direba, ƙafafunta suna lilo, ta nuna fedar da ke ƙasa ta ce ta mece ce. Na ce mata jifa-jifa ƙararrawa takan yi ƙara, dole direba ya taka fedar nan. In bai taka ba, jirgin zai ɗauka ya suma ko ya mutu, sai ya ja wa kansa birki. Mu a wurin aiki "ina nan" muke ce mata. Yarinyar ta zuba mini ido, irin kallon nan naki.

Da muka sauko sai ta kama hannuna ta kafa doka. Ita ce jirgi, ni ne direba. In ta matse mini hannu, ƙararrawa ke nan, sai in matse nata. In ban matse ba, za ta tsaya. Haka muka zagaya taragun fasinja, tana matsewa ina matsewa. Hannuna ne yake yi, ba ni ba.

Sai muka fita fili. Akwai tsohon layin dogo a wurin, ciyawa ta cinye shi, mutane suna tsallakawa zuwa inda ake zama a ci abinci. Wani mutum yana tsaye can gaba ya ba ni baya yana waya. Ban san tsawon lokacin da na yi ina kallon bayan rigarsa ba. Ashe Auta ta matse, ta sake matsewa. Na ci gaba da tafiya, hannunta ya zame ban ji ba.

Da na waiwaya, tana tsaye ƙyam a tsakiyar ƙarafunan nan biyu.

Yaya, ban san ina da irin muryar nan ba. Ihun da na yi, tattabarun rufin duk suka tashi. Na rugo na sure ta, muka zube a kan tsakuwa. Layin nan fa a jikin bango ya ƙare, rabon da jirgi ya bi ta kansa tun ba a haife ni ba. Jama'a suka yi cirko-cirko, maigadi ya taho da gudu. Ita kuwa ko hawaye babu. Ta kakkaɓe rigarta ta ce, "To Baba, ai kai ne ba ka ce ina nan ba."

Gwiwata ta ɗaye, wandona ya yage. Maman yara ta wanke ciwon da ruwan gora, na ce mata ta yi a hankali, da zafi. Sai ta tsaya da goran a hannu ta ce in sake faɗa. Injiniya ya sa wayarsa a aljihu ya karɓi jakar. A zaune muka ci abincin a wurin.

Na gaji, zan tsaya nan. Allah Ya bar zumunci.

Ƙaninki

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, ina kuma tambayar ƙafa. Yanzu mu biyu ne masu ɗingishi a zuri'ar nan.

Kada ki ce na warke. Yawancin yini har yanzu haka nake, kamar an toshe mini kunne da auduga. Sai dai na daina barcin nan mai nauyi, kuma mutumin yana faɗo mini a rai. Ina ta tunanin wace waƙa yake ji.

Jiya na koma tasha. Na kama ƙarfen tsanin, sai tsoro ya rufe ni, tafin hannuna ya jiƙe sharkaf. Na yi murna da tsoron, Yaya, wallahi na yi murna. Na ɗaga ƙafar mai ciwo na hau. Na zauna a kujerar har numfashina ya dawo, sannan na je na gaya wa shugaba kada ya ware mini tebur a ofis. Ranar Litinin zan fara, da wani direban a gefena tukuna. Hanyar dai ita ce, ta wurin nan za mu bi. Ban san me zai faru ba in mun zo kwanar da na buge mutumin.

Auta ba ta bar wasanta ba. Ko a wurin cin abinci sai in ji ɗan hannu ya lallaɓo ta ƙarƙashin tebur. Ban sake yin latti ba.

Ki sa ni a addu'a ranar Litinin. Da yamma kuma ki kira. In ta yi ƙara, zan ɗauka.

Ƙaninki mai ƙaunarki,
Direba