Gawon Bakin Gonarmu

Zuwa ga yayana Bitrus,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Yaya sanyin Jos? Yaya Saratu da yara? Inna tana lafiya, sai dai ƙafar nan.

Yaya, hankalina ba a kwance yake ba. Ran Laraba a wurin nazarin Littafi Mai Tsarki ina karanta wa jama'a inda aka ce Ubangiji yana mulki, gonaki su yi murna, koguna su yi tafi, sai na kasa ci gaba. Na ce, "Wane kogi? Namu ya zama yashi, geron ƙauyenmu Dingaya ya ƙone tun bai fid da kai ba."

Baba Ayuba, dattijon ikilisiyarmu, ya nuna gawon bakin gonarmu ta taga, ya ce, "Duba, ɗana. Komai ya bushe, shi kuwa yanzu yake fid da ganye."

Kowa ya ce amin. Ni dai sau biyu ina ɗaure kayana zan tafi leburanci Kano, ina kwancewa. Gawo ba shi da yara huɗu masu jiran tuwo.

Ka sa ni a addu'a, ka gai da mutanen gida. Ka kuma faɗa mini gaskiya: in tafi ko in zauna?

Ƙaninka,
Iliya