Kunnen Kakanka a Garin Sanyi

Agege, Legas.

Assalamu alaikum, Jamaluddeen, angona na Kanada.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da matarka Najiba da kakanka Malam. Allah ya ƙara masa sauƙin idon da aka yi wa aiki. Mu nan lafiya lau, sai zafi da hayaniyar motocin haya na danfo.

Abin da ya hana ni sukuni kunnen Malam ne. Tun da sanyinku ya shigo, duk abin da na faɗa a waya sai ya ce madalla. Shekaranjiya na gwada shi, na ce na sayar da ragonsa, ya ce madalla. Na ce zan auri Lado mai gadi, ya ce Allah ya sa albarka. Yara suna ta dariya, ni kuwa ban ga abin dariya ba. Na'urar kunnensa ba ta aiki, kuma ka san shi, ko za a yanka shi ba zai ce bai ji ba. Mutumin da yake fita masallaci shi kaɗai, yaya zai ji mota a bayansa?

Na je asibitin da aka ba shi na'urar a Ikeja. Malamar asibitin ta ce sanyi yana cinye batir, a riƙa ajiye na canji a aljihun ciki. Ta ce in ya shigo ɗaki daga waje, na'urar tana yin gumi kamar gorar ruwa daga firiji. Kullum kafin ya kwanta ka goge ta, ka buɗe gidan batir, ka sa ta a kwalbar busarwa da na cusa a jakarsa. Kada ka ɗora ta kan hitar ɗumama ɗaki.

Abin da malamar ba ta sani ba, ni na sani. In zai yi alwala, aljihu yake jefa ta, inda goronsa yake naɗe a jiƙaƙƙen tsumma. A nan gida ni nake raba su. Ka laluba aljihun nan, ango. Rigakafi ya fi magani.

Ka gaida Najiba. Yara, Balkissa da Audu, suna gaishe ku.

Ranar Juma'a zan sake kira, in sake ce wa Malam na sayar da ragon. Ina roƙon Allah ya sa Malam ya ji, ya yi mini faɗa.

Kakarka,
Hajiya Furera