Daga Jinyar Karaya, 'Yata Ta Ce Sai Bakin Teku

Anti Fanta, don Allah ki taimaka min, kaina ya kulle.

'Yata Ni'ima ta gama jami'a bara. Ba a jima ba adaidaita sahu ya buge ta a shataletalen Bata, ta karye a cinya. Ta kwanta, ba ci ba magana, laftof ɗinta ma ba ta iya ɗora shi a jikinta. Sai Okechukwu, kafintan Sabon Gari da yake mutunci da marigayi babanta, ya haɗa mata wani ɗan tebur mai naɗewa da ake kafawa a kan gado. Wallahi tun ranar ta dawo mutum. Kullum karatu, wai ƙanƙarar da ke can ƙarshen duniya tana narkewa, ruwan yana gangarowa teku, tekun yana cin gidajen mutane. Ni ban taɓa ganin teku ba, mu asalinmu Baga ne, tafkinmu ma janyewa ya yi.

Yanzu ta warke, wata cibiyar bincike a Legas ta ɗauke ta. Baffanninta sun ce ba inda za ta, me ya haɗa 'yar Fagge da ƙanƙara? Ni tsorona ƙafar nan, har yanzu tana ɗan ɗingishi. Amma idan na hana ta, ina tsoron ta koma yadda take a farkon jinyar.

Uwa daga Kwaciri, Fagge

AMSA

Hajiya, sannu da jinya, Allah ya jiƙan maigida.

Abin da Ni'ima take faɗa gaskiya ne. Ƙanƙarar da ke kan tudu idan ta narke teku take ƙara wa ruwa, kuma a gaɓar ƙasarmu akwai masu rasa muhalli. Aikinta mai amfani ne.

Baffannin kuma ba mugunta suke yi ba, amanar ɗan'uwansu suke tsaro. Kada ki yi musu da su. Ki fara kai ta wurin likitan ƙashi ya tabbatar ƙafar za ta jure. Sannan ki nemi gidan mutunci da za ta zauna, 'yan Fagge ba su ƙare a Legas ba. Daga nan ta zauna da babban baffan, ta yi masa bayani da bakinta. Idan hali ya yi, shi ya raka ta ya ga wurin da idonsa.

Ke kuma ki sa mata albarka a gabansu. Da wuya su hana abin da uwa ta sa wa albarka.

Allah ya ƙara lafiya, ya tsare hanya.